Tumun da na ba Tani

Shekarar da aka daina kwasar mutane aikin dole, ina ƴar shekara tara a Madarumfa. Da kaka, bayan tuwon dare, kakarmu Iya takan hura wuta a tsakar gida tana gasa mana tumu, tana tatsuniya. Wani maraice na kasa cin tumun nan.

Ina da ƙawa, Tani, ƴar gidan Anna, masu bin al'adar kakanni. A gidansu ba a taɓa sabon gero sai maigida ya yi yanka. Na sani sarai. Amma ta yi mini waƙar tsiya a dandali, ƴan mata suka yi ta dariya, na ƙullace ta. Na gasa tumu, na rantse mata na ga babanta ya yi yankan da safe. Da ta ci, na je na tsegunta wa yayanta, har da yin fuskar tausayi. Dukan da ta sha, daga gidanmu ana ji.

A maraicen nan Iya ta kawo labarin wani masunci da aka hana sarautar ruwa, aka ba maƙwabcinsa. Bai yi faɗa ba, shi ya fara zuwa murna. Kullum sai ya raɗa wa sabon sarkin ruwa cewa ƙanen sarkin ne ke yanka masa komar kamun kifi. Sarkin ruwa ya kori ƙanen cikin hadari, tabki ya cinye shi. Ranar zaman makoki, babu wanda ya kai masuncin kuka.

Yara suka tambayi abin da aka yi masa. Iya ta ce ba a yi masa komai ba, ya tsufa, kowa na gaishe shi. Sai ta miƙo mini tumu, ba ta ko dube ni ba.

"Ungo, ci. Ke ai ba a hana ki ba."

Wallahi na gwammace ta zane ni.

Na daɗe ina ɗauka masuncin ya sha. Bayan shekara goma sha wani abu, Tani ta zo daga Gabi, inda take aure, yi mana gaisuwar rasuwar Iya. Na dama fura da hannuna na kai mata. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, muka yi hira har la'asar. Da ta tafi na ɗauki ƙwaryar, tana cike yadda na kawo ta.