Robar Salansa da Kunnen Baba

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Ikara, mu uku: ni a sitiyari, Baba a gefena da sandarsa tsakanin gwiwoyi, mai ɗakina a baya da ƙullin tsaraba a cinya. Motar kuwa ita ce baƙar nan da na saya hannun Baturen gona lokacin da yake haɗa kayansa bayan an ba mu mulkin kai. Ta tsufa, sai an juya mata handul take tashi, amma ni ba na son a faɗi aibinta a gabana.

Ga abin da ya fitar da mu. Baba ya daɗe a Kurmi yana fataucin goro, can ma aka haife mu. Tun muna can labari ya iske shi cewa ƙanwarsa, wadda aka kai aure wani ƙauye bayan Kudan, ta rasu a shekarar sanƙarau. Ya yi mata addu'a, ya ba da sadaka, ya haƙura. Da idonsa ya tafi na ɗauko shi na dawo da shi wajena a Ikara, inda nake aiki a ɗakin shan magani, rayuwarsa ta koma daga zaure sai masallaci. To ran kasuwar da ta wuce wani mai mazarƙwaila ya zauna hira a zaurenmu, magana ta kawo magana, ya rantse tsohuwar tana nan da ranta, takwararta ce ta rasu. Shi a kasuwar Kudan yake ganin ta da tallan daddawa, sunan ƙauyen bai sani ba. Baba ma sunan ya ɓace masa. Abin da ya riƙe shi ne gidan maƙera ne, kuma shi da kansa ya raka ta ranar da aka kai ta. Ya ce ni dai in kai shi Kudan, sauran in bar wa kunnensa.

Jajibirin tafiyar na leƙa ƙarƙashin motar, na ga robobin da salansa ke rataye a jikinsu duk sun yi faso kamar diddigen manomi, ɗaya ma ta tsinke. Na ce a raina me roba za ta yi wanda waya ba za ta yi ba? Na samo waya mai kauri na ɗaure bututun hayaƙin tamau da jikin motar, na fito ina kaɗe hannu, ina jin kaina wani gwani.

Hanyar Makarfi gargada ce tun daga bayan gari. Ba mu yi nisa ba motar ta fara wani irin ruri daga ƙasa, kujeru na kakkarwa, har kwanon da ke cikin tsarabar mai ɗakina ya kama kiɗa shi kaɗai. Na yi kamar ban ji ba. Dawa ta sunkuyar da kai dama da hagu, wasu har sun fara yanka, na dinga ba Baba labarin gonakin da ƙarfi don in rufe ƙarar. Muna gab da Makarfi muka faɗa wani rami, sai ji muka yi ƙwal, bututun ya zame daga mahaɗarsa. Abin da ya biyo baya ba a cewa komai. Jakuna ne a gabanmu ɗauke da rake, suka watse cikin gona, mai su ya bi su yana waiwayen mu da maganganun da na gode wa Allah ban ji su ba.

Baba ya dafa hannuna, na tsaya.

“Ido ya tafi na haƙura,” in ji shi. “Yanzu kai kuma ka toshe mini kunne. Da me zan gane hanya? Juya ka mai da ni gida.”

Baba ba ya maimaita magana, kuma na san in ya koma zauren nan ba zai sake yarda ya fito ba. Mai ɗakina ce ta cece ni. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, a yi haƙuri mu ƙarasa Makarfi ka sha ko da koko ne, ba ka karya ba.” Kunyar suruka ta hana shi musu. Muka lallaɓa a giya ta ɗaya muka shiga gari, kowa ya bar abin da yake yi yana kallon mu.

Makarfi a wannan lokacin ƙamshinta ma abin zuwa ne. An fara saran rake, doki na zagaya injin matsewa a bayan gari, ruwan raken na tafasa a manyan kasake, ƙudan zuma ko'ina. Rake tsawon mutum kwabo ɗaya, wanda a Ikara sai ka yi ciniki kafin a bar maka shi haka. Muka sami bakanike a gindin durumi kusa da tasha, wani dattijo mai gajeren wando da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya kwanta ya leƙa, ya fito yana dariya, ya ce in kwantar da hankalina, shi ma da waya ya fara a kan motar maigidansa, kuma ya sha mari a kai. Ya ce inji rawa yake yi, dole bututun ya taya shi, robar nan ita ke ba shi wurin juyawa. In ka ɗaure shi tamau, ko dai ya girgiza motar duka ko ya ɓalle.

Robar kanti babu ita sai Zariya. Amma a bakin kasuwa akwai mai yanka takalman taya, can muka nufa da guntun tsohuwar robar a hannu. Ya auna, ya zaɓi gefen taya mai zare a ciki, ya yanko mana masu kauri, ya huda kowace sama da ƙasa. Kafin bututun ya huce muka zauna muka ci waina da miyar taushe, ta sisi ta ishe mu mu uku. Baba ya ci biyu ya ture kwanon.

Na tuɓe riga na shiga ƙarƙashin motar tare da bakaniken, don ina son in koya. Muka ɗaga ta da jak muka tokare da duwatsu. Ya datse wayata, muka mayar da bututun bakinsa, ya ɗaure mahaɗar. Ni na tallabi salansar da kafaɗa, shi ya shafa sabulu a jikin ƙugiyoyin, na jikin mota da na jikin bututu, sannan ya dinga tura robar da bakin ƙarfe har ta zame ta zauna. Ta farko ta yi tsawo, salansar ta yi reto kamar hantsar akuya, sai da aka koma aka yanko wata. Ta can baya kuwa ta ƙi shiga, ta tsalle ta bugi bakanike a goshi, ya ce ai gara wannan da marin. Da muka gama ya sa yatsunsa tsakanin bututun da jikin motar ya nuna mini tazarar da ake bari, ya girgiza shi, ya yi lilo ya dawo wurinsa shiru.

Na juya handul ta tashi. Ni a wajena aiki ya yi, amma Baba daga kan tabarma ya karkata kai ya ce akwai abin da ke ƙwanƙwasa a baya ta hagu. Muka sake kwanciya, ashe wutsiyar bututun ce ke taɓa ƙarfe. Aka ɗan lanƙwasa ƙugiyar. Baba ya daɗe yana saurare, sannan ya laluba sandarsa ya miƙe ya ce mu tafi. Daɗin da na ji a lokacin nan ko ranar da na sayi motar ban ji irinsa ba.

Daga nan tafiyar ta zama tasa. Muka hau kwaltar Kano na ɗan lokaci muka sauka, shi yake gaya mana abin da muke wucewa: nan ana sussuka, can mata ne a bakin rijiya, wancan garken Fulani ne. A Kudan muka yi sallar azahar, na tambayi gidan maƙera, aka lissafa mini ƙauyuka uku, kowa da nasa. Baba ya ce in rabu da su in bi hanyar fadama. Ganyen rake ya dinga shafar motar ta ko'ina, ya gyaɗa kai. Taya ta shiga yashin rafi, ya ce haka ne. Sai muka zo inda hanya ta rabu biyu, ba kowa, ba ko bukka. Na tsaya ban kashe inji ba. Baba ya fitar da kai ta taga. Ni ban ji komai ba sai kurciya. Can ya ce, “Hagu. Ga guduma can.”

Muna shiga tsakanin dangogin ƙauyen a hankali, sai muryar wata tsohuwa ta tsallako, tana korar akuyar da ta faɗa mata shanyar kuɓewa: “Tafi can, Allah ya haɗa ki da mahauci!”

Baba ya damƙe gwiwata. “Tsaya. Wannan zagin Inna ne, mu biyu muka gaje shi.”

Bai jira na zagayo ba, ya buɗe ƙofa ya yi sallama da sunan da ake kiran ta tun tana yarinya. Ta fito da sanda a hannu, ta tsaya tana kallon sa, sannan ta ce, “Yaya?” sandar ta faɗi. Mai ɗakina ta yi kuka, ni ma ban tsira ba, na koma bayan mota ina duba salansar da ba abin da ya same ta.

Muka kwana, aka yanka mana zakara. Washegari Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafar yayanta, sai ta ga inda yake kwana. Baba ya koma kujerar baya kusa da ita, mai ɗakina ta dawo gaba tana rufe fuska da gyale don kunya. Tun daga Kudan har Ikara hira suke ƙasa-ƙasa, waɗanda suka rasu da waɗanda suka rage, kuma ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Na san dangina a wannan hanyar fiye da yadda na san su duk rayuwata.

Abin da na ƙaru da shi, na mota ne da na gida. Ba kowane abu ne ake riƙewa tamau ba. Na ajiye tsohon nan a zaure ina ganin gata nake yi masa, ashe ɗan wurin motsi yake bukata. La'asar sakaliya muka iso ƙofar gida, na kama hannunsa zan shigar da shi, sai ya tsaya ya dafa bayan motar.

“Wannan robar taku,” in ji shi, “za ta kai mutum Kano kuwa?”