Sarkin da Hajara Take Fassara Mini

Shekara shida ke nan da rasuwar matata Hajara. Ta rasu a daminar da ruwa ya rusa katangar gidanmu a Dutse Uku, muna cikin gyara ciwo ya kwantar da ita.

Makon jiya na kalli wani fim ɗin Indiya na tarihi, inda wani sarki ya auri 'yar sarkin da yake yaƙi da shi don a zauna lafiya. An kashe kuɗi a sutura da giwaye. Amma a ganina maganar so ta yi yawa. Sarki ya bar fada cike da masu ƙara, ya tsaya yana gaya wa amarya cewa idonta ya hana shi barci.

Na san abin da ya faɗa ne domin yanzu ina zuwa ajin manya da yamma, in na taso daga Farin Gada inda nake sayar da kabeji. Nakan tsayar da faifan, in bi Turancin da ke ƙasan allo a hankali.

A da Hajara ce take karanta mana, mu da matan layinmu. Duk sanda sarki ya matso kusa da gimbiya sai ta ce, "Yana tambayarta ko ta ci abinci." Ko kuma, "Ya ce sannu da gida." Har nakan yaba wa sarakunan Indiya da kamun kai.

Da na ba ƙanwarta Asabe labari, dariya ta yi har da hawaye.

"Haba Yaya! Wane abinci? Ga yara a zaune, ga ka, ta yaya za ta buɗe baki ta faɗi wannan?"

Da tana raye, na tabbata wannan sarkin ma da ta ladabtar da shi, kuma da fim ɗin ya fi daɗi.

Tsofaffin kaset ɗinmu suna nan. Babbar 'yata ta ce mu sake kallonsu, tunda yanzu zan gane da kaina. Na yi kwanaki ina tunani, sannan na ce a'a. In na karanta, sarakunan za su yi magana da bakinsu, nata kuma ya ɓace.

Yara huɗu sun rasa uwa. Matan layinmu sun rasa mai fassara. Ni na rasa mata.