Ruwan Kogi Ya Kashe Mini Kifi, Amma Ban Bar Kiwo Ba

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, na gama difloma, na zaga ofisoshi har na gaji ban samu aiki ba. Gidanmu a Wudil gidan masunta ne. Kakana masunci, mahaifina masunci, yayyena biyu ma a kwalekwale suka girma. Ni kaɗai aka tura boko, ni kaɗai kuma na dawo na zauna ana zuba mini tuwo kamar baƙo.

Wata malamar jami'a, Kirista 'yar Filato, tana haya a layinmu, nakan gyara mata wutar lantarki in ta lalace. Da aiki ya ɗauke ta daga garin, sai ta bar mini akwatin gilashinta da ƙananan kifaye takwas, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, wutsiyarsu kamar an tsoma a rini. Ta koya mini cewa irin nan haihuwa suke yi, kuma dole a raba 'ya'yan da iyaye don kada su cinye su. Ta ja mini kunne a kan ruwa, ta ce na rijiyar burtsatse da ya kwana biyu kawai zan riƙa zuba musu, kada in kuskura in kawo na kogi. Cikin wata bakwai sai ga ni da baho goma sha biyu a bayan ɗakina. Masu shagon aski da masu kemis da ɗaliban jami'a suka fara zuwa saye. A gida kuwa dariya ake yi mini. Yayana yakan ce kifin da ɗari ba za su sa wa miya ɗanɗano ba, mene ne amfaninsa. Mahaifina ko leƙawa bai taɓa yi ba.

Wata rana bayan la'asar sai na gan shi tsaye a kan bahon farko, hannu a baya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce kifayen ba su da kuzari saboda ba su san ruwan kogi ba, kifi kuwa ɗan kogi ne ko daga ina ya fito. Washegari da kansa ya kawo ruwan kogi jarka biyu da kainuwa cike da buhu. Wallahi na san kuskure ne. Amma tunda na dawo daga makaranta, ranar ce ya fara sa hannu a lamarina, na kasa buɗe baki in ce a'a. Na raba ruwan a kowane baho yana tsaye yana gyaɗa kai.

A kwana na huɗu fararen ɗigo suka fito musu kamar an barbaɗa gishiri, suna goga jiki a gefen baho. Kafin mako ya zagayo da rariya nake kwashe gawarwakinsu. Goma sha huɗu suka rage, na cikin akwatin gilashin da ke ɗakina, su ma don ban zuba musu ba. Ina fitowa da bokitin gawarwakin na ƙarshe na tarar da mahaifina da abokansa a ƙofar gida suna ɗinkin taru. Baffana da ke cikinsu ya ce Allah ne ya nuna mini hanya, in bar wasan yara, akwai gurbi a kwalekwalensa. Nan zuciya ta ɗebe ni, na ce wa mahaifina a gaban mutane rashin saninsa ne ya kashe mini dukiya. Ya naɗe tarunsa ya shige gida. Wannan maganar ita ce nadamata har gobe.

Wata uku bai amsa gaisuwata ba. Mahaifiyata ta yi ta roƙo in zubar da kifin in samu zaman lafiya, dangi suka ce kiwon ne ya sa na raina uba. Na ce bakina ne ya yi laifi, kifi bai zagi kowa ba. Na wanke bahon nan duka, na shanya su a rana, na sake farawa da goma sha huɗun. Ranar da na durƙusa neman gafara, abin da ya fara tambayata shi ne ko na bar kifin. Na ce, “Baba, na tuba da abin da na faɗa, amma kiwo ba zan bari ba.” Ya ce ya yafe mini bakina, kifi kuma ni na sani.

Yau da wannan sana'ar nake ci da iyalina, kuma har yanzu a gidanmu akwai masu ganin wasa nake yi. Su yi ta gani. Abin da na koya shi ne, da na ce wa mahaifina a'a cikin ladabi ranar da ya kawo jarka, da ban zage shi a bainar jama'a ba. Duk mai sana'ar da danginsa ba su gane mata ba, kada neman yardarsu ya sa ya aikata abin da ya san ɓarna ne. Ka ƙi tun da wuri, murya ƙasa, ka kame harshenka, amma kada ka saki abin da ka iya don a daina yi maka dariya.