Finjali Shida

Wata biyu da zuwana Riyad ban san ko'ina ba sai layinmu na Gubaira. Maigidana direban motar masu yawon buɗe ido ne, ranar nan ya samo mana kujera a baya, ni da jaririyata. Bayan Magariba muka zaga unguwar Ulaya. Mai bayani yana ta nuna dogayen benaye, ni kuwa ina ta lulluɓe yarinya saboda sanyin motar.

A tsohuwar kasuwa aka zaunar da mu ɗanɗana gahawa da dabino. Na shanye na miƙa finjalin, dattijon mai zubawa ya sake zuba mini. Na daure na shanye, kada a ce matar direba ta raina abin mutane. Ya ƙara. A na shida gabana ya faɗi: idan gahawar ta bi nono fa, yarinyar nan ta kasa barci?

Maigidana ya leƙo yana dariya. "Hajiya, butar za ki ƙarar musu? Girgiza finjalin ake yi in an ƙoshi!"

Na girgiza shi da ƙarfi, har dattijon ya dara.

Yarinya ta sha nono ta yi barcinta tun a mota. Ni ce dai idona ya ƙi rufuwa.