Lamba a Gidan Kofur Mati

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin lamba, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda muka shiga gidan Kofur Mati, a wani lungu kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. Ƙarshen shekarar 1956 ne, ina ƙaramin malamin lamba, ina bin bayan dubagarinmu Malam Sabo. Ku da kuke yawo yanzu da akwatin ƙanƙara kuna ƙorafin rana, ku saurara, don ba ku san agana ba, kuma Allah kada ya nuna muku ita.

Bari in fara da yadda ake lambar. Za ka goge dantsen mutum na hagu, ka ɗiga maganin daga wani siririn kwalba, ka karce wurin da allura, ka bar shi ya bushe. Daga baya wurin ya kumbura, ya yi ɓawo, ya bar tabo. Wanda ya samu wannan tabon ya tsira daga agana da yardar Allah. Amma sai an yi masa kafin cutar ta zauna a jikinsa. In ta riga ta zauna, ka ɓata maganinka ne kawai.

A ƙa'ida, kafin mu shiga unguwa sai mai shela ya zaga ya ce ranar kaza kowa ya hallara a ƙofar mai unguwa da dantse a buɗe. An yi shelar kuwa, sai dai maganinmu ya ƙare a Gwale, muka zauna jiran wani. Har Jumma'a ta zago ta wuce ba mu je ba. A daidai wannan lokacin ne kuma akwatin rediyo ba ya da zance sai na rikicin Masar, Turawa sun kai yaƙi can. Maganar ta shiga kasuwa ta fito da ƙafafu: wai za a sake ɗibar samari a kai su yaƙi.

Da muka isa da hantsi, mu biyu cikin kaki, muka tarar da ƙofar mai unguwa fayau. Babu saurayi ko ɗaya a lungu, har marinar da ke gefe an bar ta da zane a cikin baba. Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Sabo, na yi iya yina. Mutane sun ce da lamba ake farawa."

Malam Sabo bai ja zancen ba. Ya tambayi inda mai ciwon yake, don an kawo mana rahoton wani baƙon falke da agana ta kwantar. Mai unguwa ya nuna mana gidan da baki, amma bai raka mu ba.

Muka yi sallama a zaure. Wani tsoho ne zaune a kan buzu, siriri ƙwarai, ana ce masa Baba Ila. A bakin ƙofar shiga gida kuma ɗansa ne a tsaye, Kofur Mati, ƙato, da adda a hannu. Ba ɗaga ta ya yi ba, riƙe ta kawai ya yi a gefen cinya, irin riƙon wanda ya saba. Wallahi da ya ɗaga ta yana zage-zage da na fi samun natsuwa.

Malam Sabo ya gaishe su, ya ce mun zo duba baƙo ne mu kuma yi wa mutanen gida lamba.

Kofur ya ce, "Baƙo yana shagon can, ku duba abinku. Lamba kuwa mun gode."

Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mana tabo. "Ka ga wannan? Likita ne ya yi mini, da fara'arsa. Ya auna ƙirjina, ya ce in yi tari. Ban sake kwana a gidan nan ba sai da na ga ƙasar Bama, a yaƙin duniya na biyu."

Sai tsohon ya yi tsaki. "Ku ai gata aka yi muku. Mu a yaƙin Jamus na farko wa ya tsaya auna mu? Mai unguwa ya nuna ka, a zura maka igiya a ƙugu. Ko bindiga ba a ba mu ba, kaya aka ɗora mana a ka, aka zuba mu a jirgin ruwa kamar buhunan gyaɗa."

"Baba, ku ba a harbe ku kamar mu ba."

"Ina ruwan zawo da harbi? Zawo da yunwa suka cinye mu. Ƙanena Audu a bakin hanya na ajiye shi da ransa, aka ce in ɗauki kayansa in haɗa da nawa."

"Mu ruwan sama ba ya ɗaukewa," in ji Kofur, muryarsa ta yi ƙasa. "Ka cire takalmi, fatar ƙafa ta biyo shi. Mutum yana cikin ciyawa gab da kai ba ka ganinsa. Ku an ɗaure ku ne, kun san an zalunce ku. Mu da ganga aka zo, aka lallashe mu, har muna ɗaga wa mutane hannu a mota."

Na lura wannan gardamar ba yau suka fara ta ba, kowa ya haddace amsar ɗan'uwansa. Ni kuwa idona yana kan addar.

Tsohon ya ce, "Abu ɗaya dai muka haɗu a kai. Ni ban san abin da Bajamushe ya yi mini ba, shi ma bai san abin da mutanen can suka yi masa ba. An ɗauki uba, an ɗauki ɗa. Na ukun ne ba za a ɗauka ba."

Malam Sabo ya ce, "Wane na uku, Baba?"

Tsohon ya kau da kai. Malam Sabo ya yi mini ido in je in duba baƙon. Shagon yana ɗan tsakar gidan da ke bayan zaure, an saki tabarma a ƙofarsa. Kafin in kai warin ya tare ni, wanda ya taɓa jin warin agana ba ya sake mantawa. A bakin ƙofa na ga takalman fata na falke, duk ƙura. Kusa da su kuma ga wasu, na roba, sababbi, irin waɗanda samari ke yayi a lokacin. Na ɗaga tabarmar. Falken yana kwance, fuskarsa ba ta ganuwa don ƙuraje. A kusurwa wani saurayi ya takure, ya toshe hanci da hula, yana kallon kakina kamar ya ga mala'ikan mutuwa.

Ban san lokacin da na ce, "Innalillahi. Malam, akwai mutum a ciki."

Ina juyowa na ga Kofur a bayana. Yadda aka yi ya iso ban ji motsinsa ba. Ya ce a hankali, "Saki tabarmar nan."

Na saki.

Garba ke nan, ɗan Kofur, shi kaɗai gare shi namiji. Dabarar kuwa ta tsohon ce, kuma bai ɓoye ba. Ya ce a zamaninsu duk wanda ya shige bukkar mai agana ya tsira, don babu mai kamen mutane da igiya da ke yarda ya leƙa. Da idonsa ya ga maƙwabcinsu ya kuɓuta haka, shi kuma aka tafi da shi. Shekara da shekaru yana cizon yatsa bai yi hakan ba. Tun ranar da mai shela ya zaga suka saka yaron a ɗakin.

Malam Sabo ya tuɓe rigar kakinsa ya yar a ƙasa, ya nuna nasa tabon, ya rantse da Allah babu zancen soja a aikinmu. Kofur ya ce, "Wancan likitan ma ya rantse, da yarensu."

Na tabbata a raina ba za mu fita da yaron ba, watakila mu ma ba za mu fita lafiya ba. Sai Malam Sabo ya ce, "Kofur, ka yi soja, ka fi ni sanin tsarinsu. A bariki ka taɓa ganin an yi wa tsohuwa lamba? Ko jariri?"

Kofur ya girgiza kai.

"To kira mini Iya, mahaifiyarka. Da ita zan fara, sai Baba, sai duk goyon da ke gidan nan. In na gama ka ga akwai wanda za a kai Masar a cikinsu, ga wuyana."

Ashe tsohuwar tana bayan zana tana jin komai. Ta fito tana dogara sanda, ta miƙo mini dantsenta, ta ce wa ɗanta, "Mati, na jira ubanka, na jira ka. Wannan kuwa a cikin gidana kuke kashe shi ina kallo. Yi mini, ɗan nan."

Na karce ta. Kofur ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya jingine addar a bango, ya shiga ya fito da ɗansa da kansa. Na yi wa Garba lamba a nan take. Amma da na kama dantsensa na ji shi da zafi. Na dubi Malam Sabo, ya dube ni.

Falken ya rasu. Garba ya kwanta, aka keɓe shi, muka yi ta zirga-zirga. Mutanen lungun da suka ji an yi wa Iya lamba kuma ba a ga motar soja ba, suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda aka ɗiba zuwa ko'ina, rikicin Masar ma ya lafa.

Bayan Garba ya tashi na koma duba shi. Ya rayu, sai dai fuskar duk ta zama rami-rami, idonsa ɗaya kuma ya yi fari fat. Yana zaune a zaure tsakanin ubansa da kakansa. Na yi musu barka. Baba Ila ya kamo haɓar yaron ya juyo da ita wajen haske, ya duba da kyau.

Ya ce, "Na dama ne. Mati, ba da shi ake saita bindiga ba?"

Kofur ya ce, "Da shi ne, Baba."

"To alhamdu lillahi. Ko sun zo ba za su ɗauke shi ba."

Kofur ya tashi ya shige gida, na ji shi yana kuka irin na manya, wanda ba ya fita sosai. Ni ma ban iya zama ba. Na fi jin tsoron wannan godiyar a kan addar.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, ba kai kaɗai kake shiga gidan mutane ba. Duk wani mai kaki da ya taɓa shiga kafin kai yana biye da kai, ko ba ka san shi ba. Daga ranar, babbar riga nake ɗorawa a kan kakina, kuma in na isa unguwa nakan zauna da tsofaffi tukuna in ji abin da aka taɓa yi musu. Har na yi ritaya, duk gidan da na shiga da tsohuwa nake farawa.