Tudun da Ya Raba Gandunmu

Ranar wata Laraba ce, mako biyu bayan ƙaramar sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare. Na ɗauko ƙwaryar fura zan kai gona, sai na tarar da motoci biyu a gindin tudun da ke gabashin gonarmu, ɗaya fara ɗaya baƙa, kowace da mutanenta sanye da hulunan kwano, riƙe da igiyar awo da turaku. Babana yana tsaye kusa da farar motar, ƙanensa Baffa Umaru kusa da baƙar, suna kallon juna kamar yau suka fara haɗuwa. Duk faɗin garinmu ni kaɗai na san abin da ya tara motocin nan wuri ɗaya.

Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Bagudo, daga can gefen iyakar Benin. Gidanmu kuwa gidan gandu ne: Baba da Baffa gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya, matansu suna karɓa-karɓar girki. Ni da Hajaru, 'yar Baffa, tare muke surfe, tare muke zuwa rijiya, tare muke korar tsuntsaye a fadamar shinkafa muna kaɗa gwangwani har muryoyinmu su dishe, in an samu sarari mu zana 'yar gala-gala a tsakar gida. Sai da na yi wayo sosai na gane ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Waya ɗaya ce a gidan a lokacin, ita ma sai an hau tudu an ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa kafin ta kama sabis, kuma rabin lokaci na ƙetare take kamowa, wata mata ta yi ta zuba Faransanci. Kaka takan ce da ni, "Je ki gaida kishiyarki ta cikin waya," ni kuma in ce ai tata ce, tun da ita ce mai yawan surutu.

A wannan shekarar labari ya cika gari cewa kamfanonin waya biyu suna rige-rigen kafa sabon ƙarfen sabis, irin wanda za ka kira mutum ka gan shi yana magana. Samarin da ke zuwa kasuwar Dole Kaina suka rabu biyu, kowane ɓangare yana rantsuwa layinsa ne zai fi sauri, alhali babu wanda ya taɓa ganin abin. Kowane kamfani yana son ya riga ɗan'uwansa, kuma duk yankin babu wuri mai tsayin tudunmu.

Masu farar mota ne suka fara zuwa. Sun samu Baba shi kaɗai a gona suna neman hayar tudun, ni kuma ina zaune a inuwar ɗorawa ina jiran ƙwarya. Wani ɗan garinmu ne ya rako su, shi ya ba su shawarar su zo da goro. Baba ya saurare su, ya karɓi goron, suka yi musafaha. A wurinsa magana ta ƙare ke nan, domin shi ne babban gandu, kuma wanda ya karɓi goro ya ba da hannu ba ya komawa baya. Bai ga dalilin gaggawar faɗa wa kowa ba. So yake sai abin ya tabbata ya tara gida ya sanar, kamar yadda yake yi in an sayar da sa. Da za mu tafi ya ce mini, "Ɗiyata, ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba." Na gyaɗa kai ina jin kaina wata babba.

Bayan kwana tara Baffa ya kira ni bayan rumbu, ya zaro takarda daga aljihu, wai in karanta masa tun da ni ce 'yar boko. Turanci ne mai ƙananan baƙaƙe, ban gane komai ba sai sunansa da sunan garinmu, da shuɗin tawadar da ya dangwala yatsa a ƙasa. Masu baƙar mota sun tare shi a hanyar kasuwa, sun ce in bai sa hannu a ranar ba wani gari za su kai ƙarfen. Fuskarsa cike da murna yake gaya mini da kuɗin hayar za a yi wa ɗakin Kaka rufin kwano, kuma so yake ya ba yayansa mamaki, ya nuna shi ma ya iya jawo wa gida alheri. Shi ma ya ce kada in faɗa. Na buɗe baki, na tuna maganar Baba, na rufe. An koya mana yaro ba ya ɗaukar maganar babba ya kai wa babba, ni kuma na riƙe wannan tarbiyya da hannu biyu. Kwanaki na yi abinci ba ya mini daɗi, ina fatan ɗaya daga cikin motocin ta ɓata hanya.

Ba ta ɓata ba. Ranar Larabar nan, da Baba ya gane abin da ya faru, muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba.

"Umaru, ina raye kas sa hannu ga gonar gado?"

"Yaya, don gida niy yi. Kai ma ai ba ka hwaɗa min ba."

"Ni zan hwaɗa maka?"

A gaban baƙi aka yi wannan, kuma shi ne abin da Baba ya kasa haɗiyewa: an nuna wa bare cewa hannun da ya bayar ba ya ɗaure gidansa. Baffa kuma ya ji an mayar da shi yaro da furfurarsa. Hakimi ya sa baki, liman ya sa baki, Kaka ta yi kuka tana cewa, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Duk da haka, bayan girbi aka auna hatsin rumbu gida biyu, aka ja danga a tsakar gida, ta bi ta kan wurin da muke zana 'yar gala-gala. Damina ba ta zagayo ba Baffa ya kwashe iyalinsa ya ƙetara wajen surukansa a Benin. Hajaru ta bar mini ɗankwalinta, na kasa kallon idonta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen gasar. Da kamfanonin suka ga tudun ya zama na rikici, duka suka bar shi. Aka kafa ƙarfe ɗaya tak a bayan makarantarmu, kowa ya ɗaura kayansa a jiki, wannan sama wannan ƙasa. Da idona na ga direban farar mota da na baƙa suna cin soyayyen kifi a faranti ɗaya. Tudunmu kuwa yana nan, ciyawa ta cinye shi, babu mai nomansa.

Yanzu sabis ya wadata a garinmu, har masunta a kan kogin Kwara suna kallon bidiyo cikin kwalekwale. Ni da Hajaru mukan ga juna ta waya, ta nuna mini 'ya'yanta. Bara da na je gida muka haɗa baki da ita, na miƙa wa Baba wayar, ga fuskar Baffa tar, gemu ya yi fari fat. Suka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, har gaisuwar ta ƙare, sai shiru. A da, da sai mu ce layi ne ya yanke. Baba ya daɗe yana kallon ƙanensa, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Karɓi, sabis ɗin ga bai da kyau." Na karɓa, ban musa masa ba. Kalma ɗaya daga bakina a bayan rumbu da ta wadatar, kuma har yau babu wanda ya san ina da ita.