Ranar da aka ƙona min kwamfuta a Rogo

Kwamfutar tawa 'yar gwanjo ce, laftof, gyaɗar damina biyu na sayar na mallake ta. Da safe ina buga wa makarantu jarrabawa da ita a Karaye, da la'asar mu buga gem ɗin ƙwallo da abokai. Da ita nake ci, da ita nake hutawa. Ba ta da ƙarfi, na kuma san ba ta da shi, shi ya sa muka zauna lafiya.

Abu biyu ake ja da sassautawa a gem. Akwai rizalushan, wato yawan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto, in ka ƙara shi hoto ya fito tar. Sai kuma kwalliya, irin su inuwar 'yan wasa da ciyawar fili da fuskokin 'yan kallo. Babbar kwamfuta tana ɗaukar duka biyun. Tawa kuwa jakin talaka ce, in za ka ɗora mata buhu sai ka sauke wani. Na daɗe ina gwaji kafin na samo daidai: rizalushan tsaka-tsaki, inuwa a kashe, 'yan kallo kamar an yanka kwali. Ba kyan gani, amma ƙwallo tana gudu sumul, fankar da ke sanyaya cikin kwamfutar ba ta wahala.

A lokacin ina neman aure a Rogo, har an sa rana. Babban wan yarinyar ɗan kasuwar hatsi ne, shi ne uba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ya sayo wata ƙatuwar talabijin daga Kano zai buɗe gidan kallon ƙwallo, sai ya aiko in zo da kwamfutata ranar buɗewa, a yi gasar gem tsakanin samarin Rogo da na Karaye. Wa ya isa ya ce a'a?

Bazara ce, bayan azahar, a rumfar kwano, jama'a cike maƙil. Na jona kwamfutar da waya, hoto ya hau talabijin. Abin da ƙaramin gilashina yake rufa wa asiri, sai ga shi babban gilashi ya tona. Yayan nan ya tsaya ya riƙe ƙugu.

Ya ce, "Ango, wannan wane irin hoto ne? A shagon da na sayo ta har gashin gemun mutum kana gani."

Na rusuna na ce, "Yaya, talabijin ba ta da laifi. Kwamfutar ce ƙarama, ba ta son kaya da yawa. Bari in ɗan ƙara hasken hoton, amma a bar sauran yadda suke."

Na ƙara rizalushan, na sake rage ciyawa don in sama mata numfashi. Hoto ya washe, wasa yana tafiya. Wallahi da an tsaya nan da an tashi lafiya. Sai wani abokinsa ɗan garin Gwangwan, irin masu sanin komai rabi da rabi, ya leƙo ta kafaɗata ya ce ai ga wurin kwalliya can duk a ƙasa, ango ne yake ɓoye wa mutane daɗi. Aka kwashe da dariya.

Yaya ya ce, "Kai komai ƙarshe. Baƙi na tara."

Na ce, "Yaya, da dai an bar shi haka, zafi ya yi yawa."

Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Tun yanzu?"

Duk wanda ya taɓa neman aure ya san nauyin wannan kalma. A gaban jama'a, a garinsu, a rumfarsa, in yi musu da mutumin da zai ba ni ƙanwarsa? Da hannuna na kai komai ƙarshe, ina ji kamar in fasa ihu.

Hoto kam ya yi kyau, ba ƙarya. Har gumi kana gani a goshin mai tsaron gida. Aka yi ta tafi. Amma ɗan wasa sai ya ɗaga ƙafa ya tsaya a iska, ka danna maɓalli yanzu ya amsa gobe. Fanka tana kuka kamar injin niƙa. Na taɓa gefen kwamfutar na janye hannu. Na ɗauko kwali ina yi mata fifita, samari suna tsokanata wai ango ya fara koyon lallashi. Ana cikin wasa na biyu gilashi ya cika da layuka kore, sannan ya yi baƙi, ƙaurin roba ya tashi.

Yaya ya dubi baƙinsa ya ce, "Ashe kayan nasa rubabbu ne." Aka kunna tashar ƙwallo, aka ci gaba da sha'ani.

Mai gyara a Kano ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya ce abin da ke zana hoton ya ƙone, kuma manne yake da babban allon da ke riƙe da duk kayan cikinta, sai dai a sayar da ita kayan gyara. Saura kwanaki kaɗan jarrabawar zango, makarantun da nake yi wa aiki suka koma wurin wani. Ba su dawo ba.

Abin da ya fi ƙona min rai bai zo ba sai da na koma gida. Labari ya riga ni isa wurin mahaifiyata, wai na kunyata surukina a gaban baƙi, kuma an ji ina ja da shi. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ce ita ba ta san rizalushan ba, ta dai san babba, in shirya in je in ba da haƙuri tun magana ba ta yi tsami ba.

Na hau babur na koma Rogo. Na cire takalmi, na tsuguna a gaban Yaya, na ce a yi haƙuri da abin da ya faru.

Ya dube ni ya ce, "Ba komai, ango. Yaro ba ya rasa kuskure. Na yafe maka."